Yadda Za Ka Mutu a Fim Surukinka Yana Kallo

Shekara goma sha ɗaya ina mutuwa a kan dandamali, a wasan kwaikwayo guda: ni ne uban da ke cikawa a ƙarshe, mata suna sharar hawaye. Da aka mayar da wasan fim, na gayyaci surukina kallo, mutumin da har yau yake tambayar 'yarsa yaushe zan samu aikin yi. Bi matakan nan, na yi maka alkawari naka surukin ba zai taɓa mantawa da kai ba.

1. Raina kyamara

A dandamali, don na kujerar baya ake mutuwa. Dafe ƙirji, kurma ihu, faɗi tim. In darakta ya ce, "Malam, rage kaɗan, kyamara na kusa," tambaye shi shekararsa nawa a duniya.

2. Riƙe tsohuwar ɗabi'arka

Mu 'yan dandamali, bayan mun mutu mukan ɗan buɗe ido ɗaya mu duba ko ana kuka. Daga nesa wa zai gani? Yi haka a fim. Ni na leƙa, ban ga kowa ba sai mai riƙe fitila yana hamma. Darakta bai yanke wurin ba, Allah ya isa.

3. Zaunar da suruki a layin gaba

Masu kallon dandamali suna jin nauyinka, don kana gabansu da ranka. Masu kallon fim ba ruwansu. Fuskarka ta cika bango, ido kamar faranti. Wata mata ta ce, "Lah, gawa tana leƙe!" Zauren kallon ya ɗauka da dariya. Wani ya ce a mayar baya, wallahi kuwa aka mayar. Sau uku.

4. Nemi ceto wurin matarka

Kar ma ka wahalar da kanka. Tawa ta cusa hankici a baki, kafaɗunta suna rawa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, gumi har cikin takalmi.

5. Karɓi hukunci

A bakin ƙofa surukina ya dafa ni, muryarsa ta dushe don dariya. "Ɗana, ranar da ka mutu da gaske, za mu ɗan jira tukuna kafin a kai ka."

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, ba hannuna ba ƙafata, kar wanda ya zo mini da kuka. Ni kaina tun ranar, in na durƙusa gaishe shi, sai ya runtse ido ɗaya kafin ya amsa.