Nishin Da Ya Fito Daga Cikin Gajimare

Ba zan taɓa mantawa da wata damina ba, 'yan shekaru kafin mulkin kai, ina sabon malamin elemantare a Tudun Wada. Saurayi ne ni mai ji da kansa, ga farin wando, ga takalmi sau-ciki. An taɓa kai mu filin jirgin saman Kano muna 'yan makarantar midil, muka tsaya bayan waya muna kallon jirage suna tashi. Wannan kallon na rabin yini shi na mayar ilimi. Duk inda na zauna sai na jawo zancen jirgi.

Aka gayyace ni ɗaurin auren abokina Sule a wani ƙauye kan hanyar Doguwa, gab da daji. Gaskiya ba don Sule kaɗai na je ba. Yana da ƙanwa, Hajara, wadda nake so, kuma mahaifinsu Malam Inuwa bai ce komai a kaina ba tukuna. (Na ƙudurta a ranar zai ga irin surukin da Allah zai ba shi. Ya kuwa gani.)

Tun safe ake yayyafi. Gajimare ya sauko ya haɗiye kan duwatsu, ya zauna bisa itatuwa kamar jiƙaƙƙen bargo. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Shanun Fulanin da ke maƙwabtaka suka cure wuri ɗaya suka ƙi kiwo. An shafa fatiha, an fito ƙofar gida ana rabon goro, amma ko maroƙi muryarsa ba ta zuwa ko'ina, kamar yana magana a cikin tulu.

Sai muka ji shi.

Da farko gurnani ne ƙasa-ƙasa, irin wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Ka juya gabas, ka ji shi a yamma. Wata tsohuwa ta rantse daga rijiyar kufan da ke gefen ƙauyen yake fitowa, wadda aka daina shan ruwanta tun da wata mata ta faɗa ciki. Ya yi ƙarfi, ya dushe, ya koma nishi kamar na mai jinya. Sannan ya yi tari. Wallahi tari, irin na tsoho. Sai shiru. Ana jin ɗigar ruwa daga jinka, kowa riƙe da goronsa bai kai baki ba.

Malam Inuwa ya dube ni ya ce, "Malam, ku da kuka ga duniya, ko jirgin nan naku ne?"

Jiragen da na sani da rani na gan su, sama tas, ƙararsu tsaf daga wuri ɗaya. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Baba, jirgi na san shi kamar ɗakina. Jirgi ba ya tari, ba ya nishi, kuma ba ya yawo cikin ruwa. Wannan ba jirgi ba ne."

"To, mene ne?"

"Sai dai mu yi ta addu'a."

Da a ce liman ne ya faɗa, da da sauƙi. Amma ɗan boko ne, mai wando, ya ce a yi addu'a. Nan take mata suka ɗauki salati a cikin gida.

Can saman kukar da ke bakin kufai, gajimaren ya tsage. Wani abu toka-toka ya zuro, hannuwa a buɗe, ba ƙara ko kaɗan. Kowane hannu yana jan wani farin zare mai tsawo kamar an yago likkafani, ga wani farin zobe yana juyawa a gaban fuskarsa. Ya nufo mu. Da ya zo daidai kanmu sai ya yi wani ruri da ya girgiza ƙasa.

Ban san lokacin da na faɗa gidan Malam Inuwa ba, ba sallama, cikin mata. Na yi karo da tukunyar miya, na hangi wani ƙaramin rumbu da tsani a jingine, na hau, na ture jinkar, na zura kai. Kai ya shiga, kafaɗu suka shiga, ƙugu ya ce atafau. Na maƙale, kaina cikin duhu da warin tsohuwar dawa, ƙafafuna a sama ruwa yana dukansu. Wani abu mai gashi ya bi ta wuyana ya wuce. Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa.

Ashe ina can, abin ya sauka kan jar hanyar mota, ya zame, ya tsaya a gefen gonar gyaɗa. Turawa biyu suka fito, masu zanen taswira. Dagacin ƙauyen ya yi ta magana, su ma suna yi, ba mai jin wani. Sai ya ce, "Ina malamin nan mai jin Turanci?"

Aka yi ta nema. Daga cikin rumbun na ji wata murya da na sani sarai, muryar Hajara, tana cewa, "Yaya Sule, ga takalmansa can a sama."

Sule da wani ƙato suka kama ƙafafuna suka fizgo ni. Wandon ya yage tun daga baya. Haka aka tasa ni gaba zuwa bakin hanya, fuska duk ƙaiƙayi da yanar gizo, hannu ɗaya yana tare yagar.

Jirgi ne. Ƙarami, jiƙe sharkaf, kamar kaza ta sha ruwa.

Dagaci ya ce in tambayi matuƙin me ya sa abin yake tari. Baturen ya yi bayani, ni kuma dole na mayar da Hausa da bakina. Na ce idan iska ta cika da danshi, ƙanƙara takan taru a maƙogwaron injin ko da garin ba sanyi, ta shaƙe shi, sai ya yi ta sarƙewa yana mutuwa yana tashi.

Malam Inuwa ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe yana tari."

Na ce shi ya sa ƙarar take zuwa tana ɗaukewa, kuma tunda yana zagaye a cikin gajimare yana neman hanya, ga ruwa yana dushe ta, ga duwatsu suna mayar da ita, ba a gane inda take fitowa.

"Ashe yana nishi."

Na ce ruwa idan ya kwanta a fukafukai, ba sa kama iska yadda ya kamata, shi ya sa ya yi ta yin ƙasa. Fararen zaren nan da farin zoben kuwa danshi ne kawai da ke zama hazo a bakin fiffike da bakin farfela.

"Ashe yana yawo cikin ruwa." Ya juya ga jama'a. "Kun ji fa, Malam ne ya faɗa."

Dariyar da aka yi, har Turawan sai da suka taya, ba su ma san dalili ba.

Da rana ta fito, hanya ta sha iska, samari suka tura jirgin ya tashi. Ni kuwa na koma Tudun Wada da aron zane a ƙugu, da sabon suna, Malam Rumbu, wanda har ɗalibaina suka gada.

Bayan kaka Malam Inuwa ya ba ni Hajara. Ya ce wa kawuna ya yarda da amanata, don ya ga mutumin da ya ƙaryata kansa a gaban jama'a bai rage ko kalma ɗaya ba.

Tun daga ranar na koyi cewa "ban sani ba", kuma ban ga ta taɓa yaga wa kowa wando ba. Idan kuma tsoro ya zo, nakan fara duba faɗin ƙofa tukuna.