Akuyar da Na Koya wa Turawa Fiɗarta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai kawun Zainab kallon zane-zane a Dubai, domin har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Zainab ce yarinyar da nake nema, ɗaliba a nan. Kawu Sani kuwa ya zo daga Kano saro kaya, aka ce ya duba ni, abin da ya faɗa a gida shi za a bi. Na riga na gaya wa danginta ni masanin zane ne (gaskiyar magana, a wani sito na unguwar Al Warsan nake naɗe hotuna a leda in loda a mota).

Mu uku muka shiga wani baje koli na zanen Turawan Italiya, na shekaru ɗaruruwa. Ina gaba, hannu a baya, ina ta zuba. Sai ga wani zane mai duhu: an rataye wata halitta a bishiya, kofatai a sama, wani na tsugune da wuƙa. Ni ɗan mahauta ne, nan take na ji na iso gida.

Na ce wa Kawu wannan yankan akuya ne, kuma mai zanen bai taɓa riƙe wuƙa ba. Wa ke fara fiɗa daga haƙarƙari? Na naɗe hannun riga na nuna yadda ake tsaga daga ƙafa, har Turawa biyu suka tsaya.

Zainab ta ja rigata, na ƙi kulawa.

"Yaya, dubi ƙasa," in ji ta.

Na dubi kan halittar a ƙasan zanen: fuskar mutum ce, har da gemu, tana kallona. Ta karanta mana takardar gefe: a tatsuniyar Girkawa, wani rabi mutum rabi akuya ya yi alfaharin ya fi abin bautarsu iya busa sarewa, suka yi gasa ya faɗi, aka feɗe shi da rai.

Kawu ya daɗe yana duban zanen.

"To, shi dai aƙalla ya iya busa sarewar," ya ce.

Na so ƙasa ta haɗiye ni.

An ba ni Zainab. Daga baya na ji rahoton da Kawu ya kai gida: ilimi dai babu, amma yaron zai yi amfani da Babbar Sallah. Bara raguna bakwai na feɗe wa surukaina, ni kaɗai. Yanzu kafin in buɗe baki a kan kowane abu, sai na leƙa na ga inda kansa yake.