Ranar da Na Kai Gaisuwar Rasuwar Mista Bulus

A layinmu na Gwagwalada babu abin da ke wuce idona. Sati guda ban ga maƙwabcina Mista Bulus ba. Ran Asabar sai ga mutane cikin baƙaƙen kaya suna shiga gidansa, babu mai dariya. Can waƙa ta tashi a hankali, mai karya zuciya.

Na ce wa matata, "Mutumin nan ya rasu, ɓoye mana suke yi."

Ta ce, "Malam, ka tambaya mana."

Na ce, "Ni da ido nake aiki."

Na tara magidanta shida, na zuba babbar riga, muka yi sallama a gidansa. Ina tsakiyar ba matarsa haƙuri, sai ga mamacin ya fito riƙe da takardar waƙa. Ashe mawaƙan cocinsu ne ke gwajin waƙar addu'a ga matattu, wadda wani Bature ya rubuta bayan yaƙin duniya. Shi kuwa Mista Bulus kwas ya je yi a Legas, shi ya sa ban gan shi ba.

Har yau in mun haɗu sai ya miƙo hannu: "Oga, taɓa ka tabbatar."