Rasuwar Gwaggo Bernadine, Majaujawa ta Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Cif Lamar Pettiford na sashen harba jirage yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na ruwa da na tudu, rasuwar Gwaggo Bernadine, majaujawa ta uku a jirgin ruwanmu mai dakon jiragen yaƙi. Ta cika ranar Talata da hantsi, muna dab da shiga tashar jiragen ruwa ta Norfolk, bayan doguwar jinya.

An haifi marigayiya a kan takarda, da fensir da rula, a zamanin da jiragen sama suka yi ƙiba, filin tashi kuma ya ƙi ƙara tsawo. Masu zane suka ce tunda jirgi ba zai iya tashi da gudun kansa ba, to a cilla shi. Aka jawo tururi daga ƙasan jirgin ruwa aka ɗura mata, ita kuwa ta rungumi sana'a hannu bibbiyu. Duk wanda ya taɓa cin abinci a ƙarƙashinta ya san muryarta: "Fsssss," sai "gurrrr," sai "dum!" har cokali ya yi tsalle a faranti. Matuƙa sun shaide ta, ba ta taɓa jefa ɗan kowa a ruwa ba. Tana da zafin rai, wannan gaskiya ne, ta ƙone wa Cif gira ba sau ɗaya ba, amma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Ciwon ajali ya fara da tari a bawul ɗin da ke sakin tururi. Masana'antar da ta ƙera shi ta daɗe da zama filin ajiye motoci. Sai aka bi al'ada, aka je inda ake jibge jiragen ruwan da suka gama aiki aka ciro na wata yayarta. Ya yi abin da ya yi, ya tsage. Aka ciro na wata. A ƙarshen rayuwarta rabin jikin Gwaggo kayan mamata ne.

Cif bai ɓoye dalilin rawar jikinsa ba. Shekarun aikinsa sun cika tuntuni, manya na ɗaga masa ƙafa ne kawai saboda babu mai jin yaren tsohuwa sai shi. Ranar da ta tafi, shi ma sai ya bar aiki. Matarsa Yolanda ta sha faɗa cewa ran da ƙarfen nan ya mutu za ta yi walima, ta samu mai yanke mata ciyawar ƙofar gida.

A hutunsa na ƙarshe ya ji labarin saura bawul guda a wani tsohon jirgin ruwa da aka mayar gidan tarihi. Ya ɗauki abokin aikinsa Ignacio Reyes, suka yini a mota, suka sayi tikiti kamar kowa. Suka sami bawul ɗin kuwa, an goge shi yana ƙyalli, an kewaye shi da jar igiya. Sai dai masu gidan sun tsaga shi gida biyu, don 'yan makaranta su ga yadda cikinsa yake.

"Cif," in ji Reyes, "ko mu roƙi rabin, ta lallaɓa da shi?"

Cif bai yi dariya ba, kuma har suka dawo bai ci komai ba.

Marigayiya ta bar 'yan'uwa mata uku, kowacce da nata tarin. Ta bar jikoki a sababbin jirage, masu aiki da lantarki, ba gumi ba tururi, ba sa gaida kowa. Ta bar dattijo guda mai gira ɗaya da rabi, wanda yake kewarta ƙwarai, bai kuma san abin da mutum ke yi da safiya a tudu ba. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a, idan mun fita teku. Bisa al'adar sashe, mai barin aiki yakan tuɓe takalmansa a ɗaura a majaujawa, a cilla su ruwa. Cif ya daɗe da rantsuwa cewa nasa Gwaggo ce za ta cilla, to ga yadda ta kasance. Za a kwance ƙaramin allon sunanta a zura a takalmin hagu, majaujawa ta ɗaya ta harba su tare. Akwai soyayyar kaza da baƙin kofi bayan nan. Masu ta'aziyya za su sami Cif a bakin tsani, shi ne wanda ke tsaye da safa.