Rasuwar Zalɓe, Jirgin Malam Mika'ilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da ya rage a gindinta, Turai matar marigayi Malam Mika'ilu, mazauniyar Pantai Dalam a nan Kuala Lumpur, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da waɗanda suke cewa su abokan arziki ne, rasuwar ɗan gidanta Zalɓe. Ga wanda bai san shi ba, Zalɓe jirgin sama ne na wasa, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Ya rasu ranar Lahadin da ta wuce, a kan bishiya, a hannun birai.

Labarin ya iske Turai tana yanka albasa, abin da ya sauƙaƙa mata aiki, don ba sai ta je neman hawaye da nisa ba. Hureira ce ta bugo waya, matar Abdulwahidu, aminin Malam, wanda ya ari jirgin.

"Yaya Turai, a zaune kike?"

"A tsaye nake. Faɗi."

"To, sai haƙuri fa. Jirgin nan ne. Amma wallahi Abban Najib bai ji ciwo ba ko kaɗan."

"Na tambaye ki shi?"

Daga nan Hureira ta ce layin ba kyau, za ta sake kira. Har yau layin bai gyaru ba.

An haifi marigayi Zalɓe a kan teburin cin abincin Turai, kuma tun daga ranar mutanen gidan suka koma ci a ƙasa. Malam ya zo ƙasar nan karatu ne, karatun da ya ƙi ƙarewa. Ana cikin haka ya haɗu da wasu tsofaffi da ke taruwa ranar Lahadi a wani fili a gindin dutse. Ƙungiya ce da ta girmi Turai, tun iyayensu ke yi. Wasu su tashi ƙananan jirage, wasu su saki wau, wato babban abin nan na gora da takarda da ake ɗaurawa a zare, yana sama yana kuka kamar gurmi. Gasa suke yi sosai, har da alƙali da kofi, mutane masu jikoki. Shugabansu, Pak Cik Harun, shi ya gaya wa Malam cewa jirgin gaske da siliki ake rufa shi kamar yadda mutanen da suke yi, ba da leda ba. Malam bai je kasuwa neman siliki ba. Akwatin matarsa ya je.

Koren mayafi ne, wanda Turai ta saya a kasuwar Masjid India don Sallah, ko sau biyu ba ta yafa ba. Ta ɗaga shi ta hango taga ta cikinsa, almakashi ya riga ya bi ta kai. Malam ko a jikinsa.

"Ai ɗaukaka ki na yi, Turai. Mayafinki zai je inda ba ki taɓa zuwa ba."

"Malam, ni a jaki na zo Malesiya?"

Haka Zalɓe ya zo duniya da kayan uwarsa a jiki, da dogayen ƙafafun da suka jawo masa sunan. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka shi ne ɗan fari, shi ne auta. Shi ake kunna wa fanka idan gam bai bushe ba. Shi ake rufe wa taga idan hadari ya taso, wanki kuwa ya jiƙe a waje, ai wanki ba ya tashi sama.

Turai tana shaida cewa marigayin mai ladabi ne. Bai taɓa cin abincin kowa ba, bai taɓa kai maganar wani gidan wani ba. Idan aka haɗa masa batir sai ya gaishe da mutane: tit, tit, tiii. Idan ya tashi kuma sai ya ce zuiii, har karnukan unguwa su amsa. A harkar gasa mutum ne mai kawaici, ba ya son shiga gaban manya, kullum sai ya bari kowa ya wuce. Sau ɗaya ya ci kofi, na wanda ya fi kowa sauka a hankali. Malam ya shigo da kofin nan yana kabbara tun daga lif. Na roba ne. A ciki Turai take ajiye kanwa, kuma yana riƙe ta da kyau.

Abin da ya rage na mayafin, wani siririn ƙyalle, Malam ya ɗaure shi a ƙarfen baranda don ya riƙa ganin inda iska ta dosa. Sai dai shi ba ya tashi ya duba. Kowace safiya yana kwance zai ce, "Turai, duba mana iska." Ita kuma ta leƙa ta ce masa ta yi gabas, ko ta ce yau babu, ya tashi ya tafi makaranta kamar sauran mutane.

Rashin lafiyar marigayi Zalɓe ta fara ne da zuwan annoba. Aka rufe gari, aka rufe filin, aka rataye Zalɓe a silin falo da zaren kamun kifi, hancinsa na kallon ƙofa. Zaman gida bai karɓe shi ba. Batirinsa ya kumbura kamar cikin mai kwashiyoko, danshin garin nan ya sa masa fumfuna a fiffike. Idan abin ya ishi Malam sai ya sauko da shi, ya kunna, ya tuƙa shi a ƙasa daga falo zuwa kicin, farfelarsa na ɗaga labule tana watsa garin tuwo. Turai ta yi faɗa a kan haka. Da ta sani da ta bar su.

Sai zazzaɓi ya kama Malam, sai tari, sai numfashi ya fara gagara. Motar asibiti ta zo da mutane cikin fararen kaya, ko idonsu ba a gani sosai. Yana kan kujerar da za su tura shi ya ɗaga kai sama ya ce, "Kar ki bari ƙura ta hau shi." Ba ita ya kalla ba, jirgin ya kalla, kuma ta yafe masa, don ta san da ita ya kalla ba zai iya fita ba.

Turai ba ta ga gawar mijinta ba. An ɗaura mata abin hannu ruwan hoda, alamar kada ta taka waje. A fuskar waya ta ga an sa shi a ƙasa, hoton na tsayawa yana tafiya. Ba a shimfiɗa tabarma a gidanta ba, ba a yi sadakar uku ba, ba wanda ya zauna kusa da ita ya ce mata Malam mutumin kirki ne. Ita da Zalɓe suka yi takaba, shi a sama, ita a ƙasa.

A nan Turai tana miƙa godiya ta musamman ga jama'armu, bisa hotunan furanni da suka turo mata masu rubutun ta'aziyya a jiki. Wasu har ƙyalli suke yi. Akwai wanda ya turo nasa da sunan wani mamacin daban, amma niyya ake dubawa. Tana godiya ga Abdulwahidu, wanda ya ajiye kular abinci a bakin lif, ya koma mota, ya kulle gilashi, sannan ya bugo ya ce ta fito ta ɗauka. Ta san doka ce, ba ta ce a karya doka ba. Amma dokar ta ƙare. An buɗe masallaci, an buɗe shagunan mamak, masu shayin garin nan, ta ga hotunanku kuna shan shayi kafaɗa da kafaɗa, an yi walimar suna har da shinkafa kala biyu. Ƙofarta ce kaɗai ba ta warke ba. Wanda ya zo shi ne Pak Cik Harun da matarsa, tsoho mai ciwon gwiwa. Suka tsaya a bakin ƙofa da takunkumi, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Ba ya jin Hausa, ita ba ta jin yarensa, amma da ya ce "sabar" ta gane, don kalmar ta yi kama da "sabru" da malamanmu ke faɗa, wato haƙuri.

Ranar da Abdulwahidu ya tsallaka ƙofar nan a karon farko tun rasuwar Malam, ba gaisuwa ta kawo shi ba. Ƙungiya za ta buɗe fili da gasa, in ji shi, kuma ya kamata jirgin Malam ya tashi don tunawa da shi. Yana magana idonsa na silin.

"Ka iya tuƙa shi?"

"Boleh lah, zan iya mana, matar Yaya. Sau nawa ina tsaye yana yi?"

"Ni ma sau nawa ina tsaye ana yanka rago."

Duk da haka ta hau kujera ta kwance zaren da hannunta. Laifinta ke nan, idan laifi ne: ta so a zo a ce mata ya tashi. Ita ba ta je ba, ƙafarta ba za ta iya taka filin nan ba tukuna.

Waɗanda suka halarci cikawarsa sun ce ya tashi lafiya. An sa masa sabon batir, ya gaishe da jama'a, ya ce zuiii, tsofaffi suka yi tafi. Sai Abdulwahidu ya tuna cewa abin tarihi ne, ya saki hannu ɗaya daga rimot ya zaro waya don ya ɗauki kansa. Zalɓe ya ga an sake shi, ya yi hagu, ya ratsa zaren wau ɗin wani bawan Allah, ya wuce kan alƙalin gasa har hularsa ta faɗi, ya shige wata doguwar bishiya a bakin daji. Bai cika nan take ba. An ji shi daga can sama yana kira a hankali: tit, tit. Birai ne suka amsa. Su dai ba su ji tsoron zuwa gaisuwa ba, da iyalansu suka zo. Babbansu ya karya fiffike, ƙananan suka raba ƙafafu, kuma an ga wata uwarsu ta nufi daji da koren siliki a ka. Turai tana mata fatan alheri. Mayafin mai kyau ne, kada ta wanke shi da ruwan zafi.

An kawo gawar a ledar tapau, irin wadda ake ƙunso abincin saye, tana warin miyar kifi. Ba a shigo da ita ba. A bakin lif aka ajiye.

Marigayin ya bar rimot ɗaya da ba shi da wanda zai umarta, da caja, da taya guda da birai suka raina, da kofin kanwa. Ya bar teburin da yanzu babu komai a kansa amma har yau ba a ci a kai. Ya bar ƙusa a silin. Ya bar Turai.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Ranar Asabar bayan la'asar za a zauna a gidan Turai. Kun san gidan, ba a ɗauke shi ba, kuma lif ɗin yana kaiwa har sama, daga nan taku kaɗan ne. Ana tabbatar wa jama'a cewa an duba mamacin sarai: katako ne da gam, ba ya tari, ba ya atishawa, ba ya ɗauke da komai. Wanda yake so ya zo da takunkumi biyu, ya zo. Za a shimfiɗa tabarmi, maza a falo, mata a ɗaki. Turai za ta yi tuwo da miyar kuka, da kukar da take ta ɓoyo tun zuwan ƙarshe da aka yi daga gida. Ba a karɓar hoton fure.

Ba za a yi wa Zalɓe salla ba. Turai ba ta yi nisa a karatu ba, amma ta san wannan. Addu'ar da za a yi ta wanda ya ƙera shi ce. Abin da take roƙo shi ne kowa ya zauna, ya ambaci sunan Malam Mika'ilu da bakinsa a cikin falon nan, ya faɗi abu ɗaya da ya sani game da shi, ko da na dariya ne, ita kuma ta ji da kunnenta. Abdulwahidu ya zo shi ma, ya fi kowa sanin labaransa. Ba za a tayar da maganar birai ba sai an ci abinci.

Washegari Lahadi za a kai mamacin filin, Pak Cik Harun ya ba da wuri a gefe, nesa da bishiyar. Abdulwahidu ne zai haƙa ramin, da hannu biyu, Hureira ta riƙe masa waya. Turai za ta je.

Abu ɗaya ne ba za a binne ba: ƙyallen baranda. Rana ta cinye korensa, bakinsa ya zare, amma yana aiki. Kowace safiya idan ta idar da salla Turai takan leƙa ta duba shi, sannan ta juyo ta faɗa wa ɗakin. Yau ta yi gabas, Malam, ba ƙarfi sosai. Da kun tashi.