Ribas Biyar na Injiniya Lado

Allah Ya yi wa Katsina baiwa iri-iri, amma in aka zo lissafi sai an fara da Injiniya Lado kafin a waiwayi sauran. Garejinsa na nan Ƙofar Guga, rumfar kwano ce mai ƙafa huɗu, sai dai kada ka kuskura ka ce gareji a gabansa. Asibiti ce. Farar riga irin ta likitoci yake sawa, da biro uku a aljihu, ko ɗaya ba ya rubutu. Muƙamin injiniyan kuwa shi ya ba kansa, kuma ya sha faɗin bai taɓa ganin kyautar da ta faɗa hannun da ya dace kamar wannan ba.

Fanninsa guda ne: tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, mai raba musu ƙarfin inji, ta bar ta waje ta fi ta ciki gudu in an zo kwana. Duk direban duniya aksil yake ce mata. Injiniya in ya ji haka sai ya runtse ido kamar an taka masa ɗan yatsa.

"Difaranshiyal," zai ce. "Maimaita."

Sai ka ga dattijo mai furfura, wanda ya shekara talatin kan hanyar Legas, yana tsaye yana karya harshe. Sauran makanikai suka laƙaba masa Farfesa Haƙora, saboda ba ya gaisawa da mutum bai kawo zancen haƙoran giyar mota ba. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har ya sa aka rubuta a bayan babur ɗinsa.

Ran wata Litinin Hajiya Furera mai sana'ar tumatir ta turo babbar motarta da direbanta Zakari. Bayan motar ne ke kuka. Ranar Juma'a da asuba za a tsinki tumatir ɗinta a Ajiwa, in mota ba ta je ba, kwando ɗari biyu sai dai a zubar.

"Injiniya, ina jin mai ne ya tsiyaye," in ji Zakari. "A canza boris kawai, a zuba mai."

Injiniya bai kula shi ba. Ya zura bututun roba a kunne, ya kara ɗaya bakin a jikin aksil, ya lumshe ido ya daɗe yana saurare. Motar a kashe take.

"Wannan baiwar Allah ba gyara take nema ba," ya ce a ƙarshe. "Ɗaukaka take nema."

Nan take ya aika Kano aka zo da sabuwar giya mai manyan haƙora, wadda sai da ƙarti uku suka taru kafin su ɗaga ta. Da aka zo ɗaurawa, ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Aka tura, aka ja, aka yi salati, ko gezau. Zakari ya leƙa ƙarƙashin mota ya sosa ƙeya.

"Halan juye take, Injiniya? Kamar saman ne ke ƙasa."

"Kai direba ne ko injiniya?"

"Direba."

"To Turawan da suka ƙera ta ne suka yi kuskure. Ba yau suka fara ba."

Ya ɗauko na'urar huda ƙarfe ya yi sababbin ramuka takwas, ya gyara wa Turawa kuskurensu, ya kuma yafe musu.

Abin da ya sa Injiniya ke ta rawar ƙafa shi ne, ranar Alhamis da yamma ƙungiyar makanikan unguwar za ta zaɓi shugaba, kuma ya tsaya. Abokin karawarsa Malam Garba ne, wani tsoho mara surutu, wanda rigarsa ta sha baƙin mai har an manta kalarta ta asali. Saboda haka Injiniya ya ga bai kamata mota irin wannan ta fita a ɓoye ba. Alhamis da hantsi ya sa aka jera kujerun roba a bayanta, aka ɗaura jan ƙyalle a gabanta, aka kawo kular zoɓo, aka ɗauko maroƙi da lasifika. Makanikai suka cika wurin, Hajiya Furera aka ba ta kujerar gaba.

"Jama'a," in ji Injiniya, ya riƙe kwalar farar rigarsa, "zamanin guduma da Allah-Ya-sa-a-dace ya wuce. Ku dubi motar nan da kyau. Inda ta nufa, nan zan kai ƙungiyarmu!"

Ya ɗaga wa Zakari hannu. Zakari ya yi bisimilla, ya sa giya ɗaya, ya saki kuloci. Mota ta yi gurnani mai daɗi, ta taho da baya.

Wuri ya kaure. Manyan baƙi suka watse, kujeru suka yi ta ƙaras-ƙaras ƙarƙashin taya. Hajiya Furera, wadda ta shekara biyar tana kukan ciwon gwiwa, ta tsallake kwata ko takalmi babu. Zakari ya taka birki ya leƙo, ido waje.

"Jahilci!" Injiniya ya daka tsawa. "Sauko! Irin wannan mota sai mai ilimi."

Ya haye da kansa. Ya sa ɗaya, mota ta ja da baya. Ya ce a ransa ba ta gama ɗumi ba ne, ya sa biyu, ta ƙara mai, da baya. Ya sa uku. Kular zoɓo ta fashe, titi ya yi ja wur. Bencin mai shayi ya bi, tumakin maƙwabta suka shiga lungu da gudu, 'yan acaɓa suka yar da babura suka haye dakali. Maroƙin kuwa, da yake an riga an sallame shi, ya bi motar da lasifika yana haki yana kirari: "Gaba dai, Farfesa! Gaba dai!"

Tarin yashin wani mai gini ne ya tsayar da ita.

Injiniya ya sauko, ya kaɗe rigarsa, ya gyara zaman birukansa, ya dubi jama'a da murmushin wanda ya ci jarrabawa.

"Kun gani da idonku. Duk faɗin ƙasar nan babu motar da ke da ribas biyar sai wannan."

"Madalla," in ji Hajiya Furera, tana neman takalminta. "To Injiniya, ita Ajiwar gaba take ko baya?"

Zakari ne ya gano cewa in aka sa ribas, motar takan yi gaba, amma da saurin tsohuwa mai zuwa barka. Haka aka lallaɓa ta har rumfar Malam Garba, mutane na rakiya da ƙafa suna wuce ta. Tsohon ya kwance giyar, ya juya ta sama ta koma sama, ya toshe ramuka takwas da walda, ya canza boris, ya zuba mai. Kafin la'asar mota ta tuna inda gabanta yake.

Bayan salla aka taru zaɓe, ƙato bayan ƙato: kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so. Layin Malam Garba ya miƙe har ya sha kwana. Injiniya ya tsaya ƙyam, ƙirji a gaba, yana jira. Da ya ji shiru ya yi yawa ya waiwaya, ya ga fili fetal.

"Wannan hassada ce!" ya ce.

"Wallahi ba ƙin ka muka yi ba, Injiniya," wani ya amsa daga can cikin layi. "Tsayawa bayanka ne ba mu iyawa. Ba mu san giyar da za ka sa ba."