Kaset ɗin Agwagwa Ya Tafi da Sirrinsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, mai askin bakin kasuwa, a madadin kansa da iyalinsa da duk wanda ya taɓa zama a bencin shagonsa ba da niyyar aski ba, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohon kaset ɗinsa na bidiyo, wanda ya riƙe amanar fim ɗin Mai Gadi da Agwagwa tun mai askin yana da gashi a kansa. Marigayin ya cika ne da la'asar, a cikin na'urar da ya saba shiga, bayan gajeriyar rashin lafiya da doguwar gardama.

Jama'a sun yi zumunci, Allah Ya saka. Mai gyaran takalmi ya zo, mai wanki da guga ya zo, har direban da kullum yake yin barci kafin fim ya kai tsakiya ya zo ya yi gaisuwa da hawayensa. Mutum ɗaya ne har yanzu ba a ga ƙeyarsa ba, wato telan da shagonsa ke jikin na mai aski, amininsa tun suna yawo da gajeren wando. Bango ɗaya ne tsakaninsu, ana jin ƙarar kekensa, amma bai leƙo ba. Mai aski ya ce kada a rubuta wannan a sanarwa. An rubuta, domin kowa ya ga cewa abin ya fi rashin kaset ɗin cin ransa.

Su biyun ne suka ɗauko marigayi tun suna samari, daga hannun wani mai ba da hayar kaset-kaset ɗin bidiyo da ya karye yana kwashe kaya. Tela ne ya riƙo shi a cikin riga saboda yayyafi, mai aski yana biye yana yi masa faɗa kada ya matse shi. Tun daga ranar marigayi bai taɓa kwana a wani wuri ba sai saman kanta, tsakanin kwalbar sifirit da gwangwanin hoda.

Don amfanin yaran yanzu da ba su san alheri ba, fim ɗin labarin wani mai gadin kamfanin katifa ne da agwagwarsa, waɗanda suka tarwatsa gungun ɓarayi su kaɗai. Mai aski bai taɓa cewa fim ɗin ba shi da aibu ba, cewa yake yi aibun nasa ma ado ne. Gashin bakin shugaban ɓarayi yakan fara fim a miƙe, ya ƙare a karkace. Akwai ɓarawon da aka kashe a farko, sai ga shi a ƙarshe yana sayar da rake a bayan jarumi, ko kunya babu. In agwagwa za ta kai hari, ana ganin hannun wanda ya jefo ta, har da agogonsa. Duk da haka ba a taɓa saka shi wani ya tashi ba, sai dai in aski ya ƙare kuma matarsa ta aiko.

Marigayi mai haƙuri ne, ba ya ƙorafi. In an tura shi cikin na'ura sai ya ce "ƙwas, ƙwas, ƙirrr," kamar dattijo yana gyara zama, sannan hoto ya yi rawa kaɗan ya natsu. Shago kan yi tsit a jira muryar mai gadi: "Wane ne nan? In mutumin kirki ne ya shigo, in ɓarawo ne ya jira in sa takalmi!" Sai kowa ya amsa tare da shi, har wanda aska ke kan maƙogwaronsa. Bayan nan sai kukan agwagwa, "kwak, kwak," wanda kowa ya san wani ƙato ne yake yi da bakinsa, domin a na ukun tari yake sarƙe shi. Wannan tarin, in ji mai aski, ba za a sake yin irinsa ba har duniya ta naɗe.

Sau da dama zaren kaset ɗin ya tsinke, mai aski ya ɗinke shi da jan farcen mai ɗakinsa, ita kuma ta yi ta neman kwalbar tana zargin yara. Bai taɓa yarda na'ura ta tariyo shi ba, wai tana fizgarsa da ƙarfi. Da wutsiyar cokali yake mayar da shi farko, a hankali, yana hira, kamar mai yi wa jariri tausa.

Ciwon ajali ya shigo ne ta waya. Wata rana mai wanki da guga ya zo da labarin cewa wani kamfani zai sake yin fim ɗin sabo fil, da sababbin 'yan wasa, da agwagwar kwamfuta mai tashi sama tana juyi. Kafin a share gashin ƙasa benci ya rabu biyu. Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani suka koma kusa da madubi, masu cewa a ba yara dama suka koma bakin ƙofa. Mai aski bai damu ba, ya san duk wanda ya gudu, tela na nan. Sai ya waiga ya gan shi a bakin ƙofa, da tef ɗin awo a wuya.

"Haba aboki, kai ma?" in ji mai aski.

"Zamani riga ne, aboki," in ji tela. "Fim ɗin nan ina son sa, amma ba a auna shi ba aka yanka. A bar su su gyara masa kafaɗa."

"Agwagwar da ba ta taɓa cin dusa ba, ita za ta yi gadi? Wa zai jefo ta? Wa zai yi mata tari?"

"To ai ko a naka ba kullum agwagwa ba ce. Wurin da ta zauna a kan katanga tana jiran mai gadi, wallahi kaza ce."

Almakashi ya tsaya cak. Shekara da shekaru mutane suna ganin tsuntsuwar nan ta kan katanga ta ɗan rame, wuyanta ya gajarce, amma saboda kara ba wanda ya taɓa furtawa. Mai aski ya ce agwagwa ce, tunanin maigidanta ne ya ramar da ita, kuma duk mai imani zai gane haka. Tela ya ce ya yi kiwon kaji ya yi na agwagi, bai taɓa ganin baƙin cikin da ke fiƙe wa tsuntsu baki ba. Aka ce to gani ya kori ji, a saka kaset a duba ƙafa. In da fata tsakanin yatsu, agwagwa ce, fim ya tsira. In babu, a bar kamfani ya sake yin sa.

Nan aka zalunci marigayi, kuma mai aski yana son a rubuta cewa marigayin bai yi ko tari ba. Ƙafar tana fitowa ne kamar ƙiftawar ido, lokacin da tsuntsuwar ta ɗaga ta za ta yi susa. Tela ya riƙe rimot yana tsayar da hoto, kullum sai ya makara. Mai aski ya ƙwace, shi kuma kullum sai ya yi gaggawa. Cikin zafin gardama mutumin da bai taɓa bari na'ura ta tariyo kaset ɗinsa ba ya manta da cokali, ya shiga danna baya da hannunsa. A tariyo, a tsayar, a matso da fuska jikin gilashi, a yi rantsuwa, a sake tariyowa. Wani mai jiran aski ya tafi gida da rabin kai. Dattijon kaset ya yi ta kai da komo a kan katanga ɗaya har hoto ya fara zane-zane, murya ta yi kauri kamar ta mai mura.

A karo na ƙarshe hoton ya tsaya daidai, ƙafa ta fara ɗagowa, kowa ya miƙe tsaye. Sai aka ji "ƙirrr, ƙurrr, caɓ." Allo ya yi shuɗi. Da aka buɗe na'ura, zaren ya fito a tattaune, ya nannaɗe ko'ina, wurin katangar ya zama kamar abin da akuya ta gwada ta fasa. An kawo jan farce, an kawo auduga da sifirit, amma rai ya riga ya yi halinsa.

Abin da ya biyo baya mai aski ba ya son tunawa. Ya dubi amininsa a gaban mutane ya ce, "Ka kashe shi, hankalinka ya kwanta. Je ka kalli na kwamfutarka." Tela ya ce, "Hannunka ne a kan rimot. Kuma tsufa ne ya kashe shi, ba ni ba." Ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba, ya fita. Tun ranar ko sallama ba ta haɗa su ba, mutanen da ko biredi ɗayansu ba ya ci sai ya gutsura wa ɗayan.

Marigayi ya rasu ya bar mata ɗaya, wato na'urar bidiyo, wadda ake zargi da hannu a mutuwarsa amma an bar ta saboda shekarunta. Ya bar talabijin mai ƙusumbi, da rimot da aka ɗaure bayansa da roba, da kwalinsa wanda rana ta cinye hoton jiki. Ya bar cokali, wanda yanzu ya koma shayi ba da son ransa ba. Ya kuma bar tambayar da ba mai amsa ta, domin an bincika ko'ina ba a sami mai wani kwafin ba.

Za a binne shi a bayan shago, gefen famfo, inda ƙasa ke da laushi. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ambaci kaza, kada kuma a zo da waya ana nuna tallan sabon fim. 'Yan bakin ƙofa ma ana gayyatarsu, rashi na kowa ne.

Ba a sa rana ba tukuna, ga kuma dalili. Mai ɗakin mai aski ta kawo tsohon ƙyalle a naɗe marigayi, ya ƙi. Ta ce, "Malam, roba ce fa, saka ta a leda mu huta." Ya ce wanda ya yi wa shago hidima haka ba zai tafi a leda ba, sai an ɗinka masa sutura daidai jikinsa, kuma tela ɗaya ne a duniya ya san awonsa. Saboda haka gawa tana nan a kan kanta tana jira.

Mai aski yana kuma son wanda abin ya shafa ya sani cewa jiya ya hango shi ta taga, sumarsa ta yi buya-buya ta rufe kunne, hula ta ƙi zama, alamar dai bai kai kansa wurin wani ba. Wannan abin kunya ne ga unguwa baki ɗaya. Kujera tana nan, an wasa aska. In ya zo da ɗinkin, a binne mamaci, a rage masa sumar, kuma in sabon fim ɗin ya fito mai aski zai raka shi kallo, da sharaɗin zai zauna a gefensa yana zagin agwagwar daga farko har ƙarshe.